Shekara Biyu Ina Danne Takardar Kyaftin

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara tsine min ku bari in kai aya.

Ni saje ne, shekarata ashirin da shida a cikin kaki, ni ke riƙe da fayil-fayil a wani ƙaramin asibitin soja a nan Zariya. Duk takardar da za ta tafi hedkwata wurin kanal sai ta bi ta hannuna, in buga mata hatimi da kwanan wata. Shekara huɗu da suka wuce aka kawo mana wani likita, yaro ɗanye shakaf daga jami'a a Samaru. An ɗan wana shi 'yan watanni, an manna masa taurari a kafaɗa, wai kyaftin! Mutumin da ko sara wa na gaba bai iya ba, hula a kansa kamar an kifa ƙwarya. Ni da nake shan rana a fareti tun kafin a yaye shi, ni zan ƙame masa.

Wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a maƙoshi shi ne ranar da na je ya rubuta min hutun ciwo na kwana uku, in cire masarata a gonata da ke Zabi kafin ɓarayi su riga ni. Duk likitan da ya zauna a kujerar nan yana yi wa tsofaffin sojoji wannan alfarma. Gogan naku sai ya ɗora min abin awo a ƙirji a gaban kurata, ya ce, "Saje, ai ka fi ni lafiya. Ba na sa hannu a kan ƙarya." Yara suka bushe da dariya. Na sara masa na fita.

To, likitan soja ba ya tafiya karatun ƙwarewa sai an sake shi a rubuce. Shi burinsa tiyatar ƙashi. Ya ci jarrabawa, babban asibitin koyarwa ya ba shi gurbi, ya kawo min takardar neman izini, ko kwafi bai riƙe ba, wai mai ilimi. Na buga hatimi, na cusa ta ƙasan durowa na kulle. In ya tambaya in ce tana sama. Wane kyaftin ne ya isa ya je ya titsiye kanal? Asibitin koyarwar ya ɗage masa gurbin zuwa baɗi. Da shekara ta zagayo ya kawo wata takardar, na maimaita. Sa'o'insa suka yi gaba, shi yana nan yana duba masu zazzaɓi da ƙaiƙayi. Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Shekaranjiya sai ga shi a gidana a Sabon Gari, ba kaki, ya tsuguna a gaban matata da 'ya'yana. Ya ce, "Baba, sun ce ranar Juma'a za su ba wani gurbina, sai dai in na kawo shaidar cewa na nemi izini a kan lokaci. Ka duba min ko akwai wani abu a ofishinka. Kai kaɗai kake tausaya min a wurin nan." Ku ji sakarai! Duk karatun nan bai gane wanda ya yi masa aika-aika ba? Na so in yi dariya, sai kunya ta rufe ni. Wallahi yanzu na rasa wanda na fi rainawa, shi ko ni.

Takardun biyu suna nan lafiya lau, da hatimina, da sa hannuna, da kwanan wata. In na fito da su ya tafi karatunsa, ni kuma in tsaya gaban kanal a tuɓe min igiyoyin muƙamina da furfurata. In na yi shiru, ba mai sani har abada, gurbinsa kuma ya tafi. Yau Laraba. Me zan yi?