Irin Geronki Yana Hannuna, Iya

Assalamu alaikum, Iya, tsohuwar matata.

Bayan gaisuwa, na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina da rai ma cewa za ki yi ajamina kamar kaji sun yi dambe a kan toka. Amma bari in rubuta, don a nan ba ni da kakar da zan tsokana.

Ina nan a gonar bincike can bayan Yamai, inda masu nazarin gero suka kawo ni shekara biyu ke nan. Kin tuna ranar da suka zo ƙauyenmu ta hanyar Gwiwa suna neman tsohon iri, kika kore su da muciya? Kin tuna bayan kwana biyu zangarniya bakwai suka ɓace daga rufin madafarki, kika yi ta tsine wa ɓeraye? Iya, ni ne ɓeran. Ni na kai musu, don kawai in ga yadda za ki yi faɗa. Da suka ga ina bambance gero da ido, suka tafi da ni.

Ban daina halina da wuri ba. A daminar farko na sauya allunan kunyoyi biyu don in ga idon Dakta, shugabar aikin. Ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a kan kunya ta riƙe kai, aikinta na shekara ya lalace. Tun ranar ban ƙara ba. Yanzu in kara ya kai taku shida, shida nake rubutawa, ko ba mai kallo. Za ki yarda ni ne?

Ga labarin gida. Baffa ya kira ni ran sadakar ukunki. Jama'a sun zo har daga Roni da Babura. Ɗakinki a rufe yake, akuyarki ta haifi biyu. Sai dai Goggo Hanne da ta tashi yin gumbar sadaka, ta ga geron da ke rataye a madafarki, wanda ba ki samu shukawa bana ba, ya fi kyau, ta sauke shi duka aka daka. Ba ta san iri ba ne. Geron da kika gada wajen uwarki, wanda ƙuduji ba ya kashewa, an cinye shi a yini ɗaya ana yi miki addu'a.

Abin da ya rage a duniya shi ne kunya huɗun nan da ke gabana, irin zangarniya bakwan da na ɗauke.

Shi ya sa ban zo ba, Iya. Geronki ya fara fitar da kai. Kowace safiya sai na bi shi ɗaya bayan ɗaya na rufe kan da jakar takarda, kada iska ta kawo masa garin furen wani geron ya gauraya. In na yi kwana uku ba na nan, ya daina zama naki. Dakta ta ce in tafi, wani zai kula. Wa? Wanda zai ga jaka ta yage ya ce gobe?

Waya ta kewaye gonar nan, ƙofa ɗaya, amma ba ita ta tsare ni ba. A gida ana cewa boko ya shiga kaina, ni da ban taɓa zama a aji ba. Baffa ya daina ɗaukar kirana. Arba'in ɗinki ma za a yi ina nan ina korar tsuntsaye.

Me ya hana in gaya miki gaskiya da sallar bara, kina ta loda mini fura kina kirana mijin banza? Dariya na yi, na ce a raina akwai lokaci.

In an yi girbi zan kawo shi gida, in rataye zangarniya bakwai daidai inda na ɗauke su. Kafin nan ki yafe wa ɓerayen madafa, ba su ci miki komai ba. Ni ma ki yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kina hutawa.

Mijinki, ɓarawon iri,
Sale