Motar Jan Jirgin Bawa

Tungar Tambari, ta wajen Jangeru
Satumba, 2021

Zuwa ga ƙanena Faruku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aikin makaranta. Tun da aka yanke layin waya ban ji muryarka ba, shi ya sa na koma biro da takarda. Maitama direba zai kawo maka, shi kuma za ka ba amsa.

Faruku, muna cikin wani hali. Ka san maigidana, Baban Mardiyya, ba shi da sana'a sai fito. Jirgin nan nasa na katako shi ke ƙetarar da mutanen garinmu zuwa gonakinsu in gulbi ya kawo. To ranar Talatar da ta wuce, da rana tsaka, mutanen daji suka same shi a mashigi. Suka ɗora masa bindiga a wuya, ya ƙetarar da su da baburansu, sawu bayan sawu, har suka ƙare. Da ya dawo ya zauna ƙofar ɗaki har dare.

Ya rantse jirgin ba zai sake kwana a ruwa ba. Yana so a riƙa ajiye shi cikin gari, a kai shi gulbi kawai ranar da za a ɗebo amfani ko in akwai mara lafiya a tsallake, da yamma a dawo da shi. A da bijimanmu ke jan shi a amalanke, ka san bara aka kore su.

Don haka ka nemo mana mota ta hannu, mai araha, wadda za ta iya wanga aiki. Ba kullum za ta fita ba. Abbati, ƙanen Baban Mardiyya, ya iya tuƙi. Na sayar da awakina da gyaɗata, shi ma ya haɗa abin da yake da shi. Kuɗin na hannun Maitama.

Ka gaida matarka da yara.

Taka yayarka,
Kulsumu

*

Kaura Namoda

Zuwa ga Yaya Kulsumu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, ta kuma tayar mini da hankali ƙwarai. Allah ya kyauta, ya tsare gaba. Ki jajanta wa maigidanki Malam Bawa a madadina.

Ban san kan mota ba, don haka na ɗauki Matthias, bakaniken da ke gyara motar makarantarmu, muka zaga wajen dillalai. Kuɗin nan motoci uku suka kai mu.

Ta farko ƙarama ce, fes da ita. Matthias ko murfin injin bai buɗe ba. Ya ce ƙafafun gaba ke janta, in aka ɗaura mata jirgin da ya sha ruwa, tayoyin za su yi ta juyawa a yashi har kulocin ya ƙone.

Ta biyu jif ce baƙa, mai jan ƙafa huɗu. Ita ta shiga raina, don ƙarfi kam akwai. Amma giyarta mai canza kanta ce, tana fizga in ta hau tudu, kuma dillalin yana ta kame-kame a kan takardu. Matthias ya ja ni gefe ya ce, "Malam, irin wannan motar, a hanyar Shinkafi soja zai tare ta, ɗan daji ma zai tare ta. Kana son a ga yayarka da ita?"

Ta uku tsohuwar akori-kura ce ta wani mai fataucin tattasai a Zurmi. Sai da muka je can muka gan ta. Tsatsa ta cinye ƙofofin, ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Sai dai Matthias ya kwanta ƙarƙashinta ya bubbuga shasin da guduma ya ce lafiya lau, giyar hannu ce, kayan gyaranta kuma ko a Shinkafi akwai. Aibinta birki da lagireto mai yoyo.

Ban saya ba tukuna, domin ina da magana. Yaya, mutanen nan sun ɗanɗana jirgin. Ran da suka zo ba su gan shi ba, wa za su nema? Shawarata ku sayar da shi ku taso Kaura. Ɗakin da ke bayan gidana babu kowa. Kuɗin nan su zama jari, Mardiyya ta koma makaranta. Na san nauyin barin gida, amma rai ya fi jirgi.

Ina jiran amsarki. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Faruku

*

Tungar Tambari

Faruku,

Sallama da gaisuwa. Na ga takardarka. Mota na aike ka, ka aiko mini da wa'azi.

To bari in faɗa maka abin da na ɓoye, tun da sai ka ji. Ranar nan ba su kaɗai ya ƙetarar ba. A sawun ƙarshe akwai Hamida, 'yar maƙwabcinmu Malam Aliyu, wadda suka ɗauko daga gonar bayan gari. Yarinyar da ta tashi a tsakar gidana, tare da Mardiyya suke cin tuwo. Ya ce tun daga wannan gaɓa har waccan idonta na kansa, tana cewa, "Baba Bawa, Baba Bawa," shi kuma yana tura gora.

Yanzu gari ya ɗauka. A masallaci, in ya shiga sahu, na kusa da shi sai ya matsa. Shekaranjiya 'yan sa-kai suka tare shi a bakin kasuwa, babbansu ya ce, "Bawa, me ya sa kai ba su taɓa ka ba? Nawa suke biyanka sawu?" Ka san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma a ƙasar nan. Ba a kai shi kotu.

In muka kwashe kaya muka taho Kaura, mun sa hannu kan maganarsu ke nan. Har abada za a ce Bawa ya sayar da 'yar maƙwabcinsa ya gudu. In kuwa gari ya ga jirgin a ɗaure ƙofar gidan mai gari, kowa ya san ba ya tare da su.

Ba ya cin abinci, Faruku. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Uwar Hamida kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin kukanta ina daka.

Ka sayi mummunar. Wadda ba mai sha'awar ƙwacewa nake so. Kada ka ji haushin zafin bakina, ba da kai nake ba.

Yayarka,
Kulsumu

*

Kaura Namoda

Yaya Kulsumu,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Ki yafe mini, na yi magana ban san zurfin ruwan ba.

Na sayi akori-kurar. Mai ita ya rage mana da ya ji abin da za a yi da ita, ragowar kuɗin kuma ya tafi a gyara. Matthias ya canza birki, ya liƙe lagireto, ya sa mai walda ya yi mata ƙugiya a jikin shasin kansa, ba a bamba ba, don ya ce bamba sai ta ɓalle ta bar muku jirgi a hanya. Ya ƙi karɓar ladan hannunsa. Ya ce shi ma an taɓa ɗauke ɗan'uwansa a hanya.

Jiya muka gwada ta a gangaren gulbin nan namu, da amalanke cike da bulo. Karon farko ta tona rami ta zauna. Sai ya sa muka loda mata buhunan yashi a baya don tayoyin su kama ƙasa. Ta yi gurnani, ta yi hayaƙi, ta hau.

Ga saƙonsa ga Abbati: giya ta ɗaya kawai a gangare, kada ya danne kuloci rabi, kada tayoyin baya su shiga ruwa, a ja jirgin da igiya zuwa busasshiyar ƙasa tukuna. Ya riƙa duba ruwan inji kafin ya tayar. Na cika mata tanki. Ku yi tattali, kin san an hana sayar da mai a jarka.

Har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, amma na yi abin da kika ce. Ɗakin yana nan.

Ƙanenki,
Faruku

*

Tungar Tambari
Oktoba

Ƙanena Faruku,

Assalamu alaikum. Mota ta iso lafiya, Allah ya saka maka, ya saka wa Matthias. Da ta shigo gari sai da mutane suka yi dariya, wai wannan ita ma jan ta za a yi. Amma da ta fito da jirgin daga gulbi, yana ɗigar ruwa, ta kawo shi har ƙofar mai gari, dariyar ta tsaya. Ranar Baban Mardiyya ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Mun kai jirgin an ɗebo gero, mun ƙetaro da wata mai naƙuda, duk lafiya. Har Malam Aliyu ya amsa masa gaisuwa.

To jiya saƙo ya zo daga daji. Dangin Hamida sun haɗa abin da aka nema, za a sake ta jibi a waccan gaɓa. Amma sun ce sai jirgin Bawa, kuma Bawa shi kaɗai a ciki.

Kowa ya gane abin da suke nufi: jirgin suke so, da mai shi. Mai gari ya ce ba zai tilasta shi ba. Abbati ya ce zai cire wani abu a injin motar a ce ta lalace, kowa zai yarda, tun da ga kamarta. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na ce a yi hakan. Na riƙe masa riga ina kuka.

Ya ce, "Kulsumu, ni na kai ta. In ban ɗauko ta ba, wa zai ɗauko ta?"

Na saki rigar. Yanzu haka yana waje yana toshe jirgin da ƙaro, Abbati na duba ruwan inji. Ka sa a yi mana addu'a a masallacinku.

Yayarka,
Kulsumu

*

Kaura Namoda

Yaya,

Salamu alaikum. Maitama na jirana a tasha, a tsaye nake rubutu. Na san kafin wannan ta iso ki, abin da zai faru ya faru. An yi addu'a bayan Azahar, Matthias ma ya ce sun yi a cocinsu. Don Allah ko layi ɗaya ne ki aiko. In kin ce in zo, gobe ina hanya.

Faruku

*

Tungar Tambari

Faruku,

Wa alaikas salam. Hamida ta dawo. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta magana sosai, amma tana ɗakin uwarta.

Shi ya kawo ta har gaɓarmu, da biyu daga cikin mutanen dajin a jirgin. Ya miƙa ta ga Abbati, suka ce ya juya. Ya juya da su, har yau ba shi ba jirgin. Abin da ya ce kawai, a gaya mini kada in bar gida.

'Yan sa-kai sun zo mini jaje. Na ba su tabarma.

Kada ka zo, hanya ba kyau. Kada kuma ka sake yi mini zancen ɗaki. Kullum da safe Abbati na kai motar mashigi da amalanken, ya tsaya har rana ta karkata. Tayar baya ta hagu tana sacewa. Ka ce wa Matthias ya nemo mana wata, ko ta hannu ce, ka ba Maitama. Ba na so ranar da jirgin zai dawo ya tarar ba abin jan shi.

Taka,
Kulsumu