Zafin Da Ya Yi Ta Kashe Janareton Yaya Tsoho

Makka, Satumba 2016

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Malumfashi. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya Tsoho, ya sa ya huta. Ni lafiyata ƙalau. An gama aikin Hajji, gari ya fara raguwa da mutane, zafi ne dai bai ragu ba. A waya kin ce in faɗa miki yadda kwanakinsa na ƙarshe suka kasance, na yi shiru har layi ya yanke. Ba ƙi na yi ba, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin san yana gadin wani fili a hanyar Arfa, inda ubangidansa Majid yake ajiye tantuna. Babu wutar lantarki a wurin. Yana kwana ne cikin wata doguwar mota mai ɗaki da gado da bayi, a nan karafan suke ce mata, kuma janareto ne a gefen cikinta yake ba na'urar sanyaya ɗaki wuta. Da asibiti suka sallame shi, suka ce zuciyar ta gaji, sai hutu da sanyi, na so in kai shi ɗakinmu a Misfala. Amma ɗakin yana can saman bene, ga mu da yawa, shi kuwa ko dakali ba ya iya hawa. Ya ce in mayar da shi motarsa. Na nemi izini a wurin aiki na tare can.

Da safe janareton lafiya lau yake. Da rana ta take sai ya fara shaƙewa, ya mutu. Jikinsa ba ya taɓuwa. Kafin ya huce ɗakin ya zama kamar tanda, sai in jiƙa zane in lulluɓa wa Yaya, in zauna ina yi masa fifita da kwali. Kin san ni ban san inji ba, share-share nake yi a otal. Shi ne daga kwance yake gaya mini abin da zan duba. Ya ce in auna baƙin mai, na auna, ya yi ƙasa, na canja. Duk da haka janareton ya mutu. Ya ce in ciro matatar iska, na ciro ta cike da yashi, na kakkaɓe. Washegari ya sake mutuwa. Na wanke lagireto, na ƙara masa ruwa, na ɗaure bel ɗin fanka da ya saki. Majid ya zo da kansa, yana haɗa Hausa da Larabci yadda 'ya'yan Hausawan nan suke yi, ya ce in kashe firji da komai in bar na'urar sanyi kaɗai, kuma ya roƙi Yaya ya koma gidansa a Aziziyya. Yaya ya yi godiya, ya ce ba zai kwanta ciwo a tsakiyar iyalin mutane ba.

Ranar wata Talata ya sa na buɗe taga, ya rufe ido yana sauraro. Na ɗauka barci yake. Can ya tambaye ni ko ina motar take tsaye. Na ce a jikin katanga, ni na matsar da ita don ta sami inuwa. Sai ya yi 'yar dariya, ya ce to ai numfashinsa yake shaƙa. Iskar zafin da injin yake fitarwa tana bugun katanga ta dawo masa. Na tayar da motar, yana ciki a kwance, na ja ta tsakiyar fili, na kafa mata rumfa da ɗaya daga cikin tantunan, na bar gefen janareton a buɗe. Azahar ta yi janareton bai mutu ba. La'asar ta wuce yana aiki. Na shiga na tarar Yaya ya ja bargo. Ya ce, "Ka ji shi? Yanzu ya zauna."

Yaya Hajara, wannan ce maganarsa ta ƙarshe da na fahimta. Matarsa Baraka ta tambaye ni a waya ko ya bar mata saƙo, ko ya ambaci yara. Na so in ce e. Bayan wannan ranar barci ya fi yi, in ya farka leɓensa yana motsi, ina jin salati ne, amma ban ji da kunnena ba. Ran Alhamis da hantsi ina ba shi ruwa a cokali ya cika. Ɗakin da sanyi. An yi masa salla a Harami, muka kai shi maƙabartar Shara'i. Mutane suna ta ce mini ya dace, ina cewa haka ne.

Har yau ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina salla, in an yi mini magana ina amsawa. Majid ya ce in karɓi gadin, zai gyara mini takardu, na ce to. Ban ji daɗi ba, ban ji rashin daɗi ba. A gadonsa nake kwana yanzu.

Kayansa suna hannun Alhaji Issoufou, wanda zai ba ki takardar nan: carbi, agogo, takalma da riguna. Akwai shuɗiyar rigar aikinsa, duk baƙin mai. Na jiƙa sauran na wanke, ita na riƙe ta a kan bokiti na daɗe, sai na ninke ta haka. Ki ba Baraka haƙuri, in ta ga dama ta wanke.

Ki gaishe ta, Allah ya ba ta juriyar takaba. Ki gaida Inna Batulu, da Ummulkhairi da ƙannenta, da Malam maigidanki. Ku sa ni a addu'a.

Wassalam. Ƙaninki,
Sabitu