Rigar da Aka Tsarge a Gonar Dawa

Daren Laraba, tara ga watan Safar

Jummai, ajiye kwanon nan ki rubuta min abin da ya faru yau, yanzu-yanzu.

Yarinyar nan mai tsara ɗinki ta Rijiyar Zaki, wadda na ba tsohon saƙina, yau ta kawo rigar da ta ɗinka da shi. Wallahi ban taɓa ganin aiki haka ba. Ta bar baƙin saƙin a kafaɗa, ta bi wuyan da jan zare. Sai shafawa nake.

Ta zo da mai hoto, ta ce a cikin gonar dawa take son ɗaukar hoton rigar. Ni na nuna musu gonar gabas, na manta tun rasuwar maigidana Malam 'ya'yan ƙaninsa ke cewa tasu ce. Da suka hangi baƙi da na'ura, suka ɗauka awon fili aka zo yi. Sai gora. Suka fasa wa mai hoton kai. Babbansu, Sale, ya fizge rigar ya tsarge ta da adda, ina ihu, “Ɗinki ne, ɗan nan!”

Ɗana Habu yana Tofa, kin san zuciyarsa. Maigari za a fara gaya wa, kafin Habu ya ji.