Ƙarfen da ke Ƙugun Baba

Zuwa ga ƙanena Sirajo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da Saudatu da yara kuna lafiya a Kumasi, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Jabo lafiya lau, an yanke gero, Raihanatu kuma ta sauka, namiji.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna ƙarfen da aka sa masa a ƙugu lokacin da ka raka shi Indiya, ya rantsar da mu kada kowa ya ji, don kada a ce liman ya tashi aiki? To, shekara guda ke nan kunnensa na toshewa, ido na dushewa, zuciya na bugu. Yau likitan kunne, gobe na ido, kowa ya tambaye shi ko an taɓa yi masa aiki, sai ya ce a'a, mu kuma mu sunkuyar da kai. Ranar da na ga ya kai Alƙur'ani har kan hancinsa bai ga baƙi ba, wallahi raina ya ɓaci.

Da muka koma asibiti a Sakkwato, ni Kaltume na buɗe baki na faɗa wa likita maganar ƙarfen a gaban Baba. Aka ɗebi jini, sai ga guba. Likita ya ce ƙarfen ne ke gogar juna, garinsa mai suna kobalt na shiga jini. Ya ce in an musanya shi da na tangaran gubar za ta ragu, kuma da yardar Allah idon zai tsira, tunda ba mu makara sosai ba. Abin da yake jira kawai katin nan mai sunan ƙarfen, wanda ke hannunka. Ka ɗauki hotonsa ka turo yau, kada ka tsaya wani tunanin rantsuwa, na riga na karya ta, kuma ban yi nadama ba.

Kwana tara Baba bai amsa gaisuwata ba. Jiya ya sa aka kira ni, ya laluba ya kama hannuna, ya ce, "Ranar aikin ke za ki raka ni. Sauran duk tsorona suke ji."

Ka gaida Saudatu da Abdulbasit. Inna Atu na sa maka albarka.

Yayarka mai jiran katin,
Kaltume