Ƙasar Sawun da Inna Ta Ƙulle

Daga yayanka Sule a Kiyawa, zuwa ga ƙanena Habu a Lakwaja. Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina maiɗakinka Hajo da yara? Mu nan ƙalau, gero ya yi kyau, alhamdu lillahi.

Bayan haka, bana zan bi ayarin Buzaye zuwa Bilma, inda ake haƙar gishiri a tsakiyar hamada. Na ce da jakina zan tafi, madugu ya yi dariya har da hawaye, wai can ko raƙumi sai an ɗaukar masa ciyawarsa.

Inna ba ta hana ni ba. Jiya dai ta ce, "Zo ka taka nan." Na taka, ta ɗebi ƙasar sawuna ta ƙulle a tsumma, don ƙafa ta dawo da mai ita. Da ta buɗe tukunyar ajiyarta sai na hango wani tsohon ƙulli. Ta ce, "Na ƙaninka ne, tun shekarar zuwan Nasara. Yana aiki, nawa ce kawai gare shi."

Ka sa ni a addu'a, ka gai da mai masaukinku. Habu, in Allah ya dawo da ni, ina so Inna ta kwance ƙulli biyu rana ɗaya.