Tashi Daga Tabarma

Litinin, 7 ga Yuli

Auta ta koma yau, bayan kwana huɗu tana yi mini wa'azi. Duk a kan faɗuwa ɗaya. Santsin banɗaki ne ya kwashe ni. Ban karye ba, ban ko gurɗe ba, tashi ne kawai ya gagara. Sa'a biyu ina kwance ina kallon gindin famfo, sai da maƙwabcina tela ya ji ina buga bokiti ya ɓalle ƙofa. Da ya kama bakinsa da ya kyauta. Shi ya buga mata waya.

Ta ce in tattara in koma gidanta, mijinta har ya gyara ɗakin baƙi. Na ce shekarata arba'in da ɗaya a gidan nan, a nan mahaifiyarta ta cika, daga nan za a ɗauke ni. Ta yi kuka. Daga ƙarshe muka yanke magana: za ta dawo 16 ga Agusta. In na zauna a ƙasa na tashi a gabanta, ba sanda, ba kujera, ba hannun kowa, ta ƙyale ni. In na kasa, in bi ta.

Ba zan bi ta ba.

Talata, 8 ga Yuli

Asibiti. Mai gashin ƙashi ta ba ni takarda mai zane goma. Wai yoga, atisayen lanƙwasa jiki. Yarinya ce, agogon hannuna ya girme ta. Na ce, 'yata, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta ce, "Baba, busasshen ma in ya sha ruwa yana lanƙwasa." Bakinta ya fi hannunta kaifi.

Shekara saba'in da tara, wai in durƙusa in yi kyanwa, in yi saniya. Malamin da ya koya mana fareti a makaranta, da yana raye, da bulala zai bi ni.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na ture tebur, na shimfiɗa tabarma tsakanin gado da kabad, na saki labule. Ba na son tela ya leƙo.

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin safiyo, awon filaye, abin da ba a auna ba ban yarda da shi ba. Na ɗauko tsohon tef ɗina, na sunkuya iyakar iyawata. Daga kan yatsa zuwa ƙasa: inci goma sha tara. Kowace gaɓa sai da ta yi magana, kamar ƙofar sito.

Lahadi, 13 ga Yuli

Goma sha takwas da rabi. Rabin inci ma ƙasa ce. Na ga wa da ƙane sun daina gaisawa a kan abin da bai kai haka ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Zanen ƙarshe a takardar, mutum ne miƙe a rigingine, wai kwanciyar gawa. Na tsallake shi. Wannan ba sai da atisaye ba, kowa yana iya shi ranar farko.

Asabar, 19 ga Yuli

Jiri. Kwana uku ke nan, da na ɗan tsaya a kan zane ɗaya sai duhu ya rufe mini ido. Yau na zube zaune, na kasa tashi. Da rarrafe na kai bakin gado. Na daɗe a wurin ina kallon hoton marigayiya. Da tana nan cewa za ta yi, "Malam, taurin kan nan dai."

Ban gaya wa kowa ba. Saura mako huɗu.

Juma'a, 25 ga Yuli

Auta ta kira ta bidiyo da safe, ta nace sai ta ga yadda nake yi. Na jingina wayar da fulas ɗin shayi, na riƙe kujera, na ɗaga ƙafa ɗaya, abin da takardar ta kira bishiya. Ina tsaye ƙyam, ina jin daɗin kaina, sai na ji ta ce, "Baba, ba ka numfashi."

Na ce to da fa? Wanda ya sa ido a na'urar awo ba ya numfashi sai ya gama karanta lamba, in ba haka ba layi ya yi rawa. Haka aka koya mini, haka na koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina. Mai son tsayuwa daidai, ya riƙe numfashi.

Ta yi dariya har wayarta ta faɗi. "Baba, kai ba fili ba ne. Abin nan gaba ɗayansa numfashi ne." Ashe a saman takardar ma an rubuta, da ƙananan baƙaƙe. Zane na duba. Mu da taswira muka saba.

Ta ce daga gobe za ta riƙa kira ƙarfe bakwai kafin ta fita aiki, ta ƙirga mini. Na ce ba sai ta wahala ba. Ta ce, "Yo ai ni ke son ka faɗi jarrabawar, amma ba da suma ba."

Talata, 29 ga Yuli

Shaƙa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Saki. Da muryar da take yi wa 'ya'yanta faɗa take ƙirgawa. Jiri ya tafi. Ban ce mata ta yi gaskiya ba, kada ta saba.

Minti goma atisaye, minti ashirin hira. Ashe tun bara aka ƙara mata girma a wurin aiki. Ta ce ta faɗa mini a lokacin. Wataƙila.

Litinin, 4 ga Agusta

Inci goma sha ɗaya. Na kuma tashi daga tabarma da dafa kujera. Kujerar ta yi ƙara, sai ga tela yana ƙwanƙwasa ƙofa. "Malam, lafiya? In ɗauko guduma?" Na buɗe masa ina tsaye da ƙafata. Na ce ya ajiye gudumarsa, ya zo ya gyara sakatar da ya ɓalle. Ya leƙa ya ga tabarma, ya ce ko kokawa nake koyo da tsufa. Na ce in ya isa ya taɓa yatsun ƙafarsa. Ya gwada. Tumbi ya hana. Na auna: ashirin da biyu.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ba kujera. Sau uku. Shaida sai agogon bango.

Asabar, 16 ga Agusta

Sun zo da hantsi. Ta taga na ga kwalaye a bayan motar, an ninke su, surukina yana ƙoƙarin rufa musu bargo. Yaron kirki ne, amma bai iya ɓoye abu ba.

Na zauna a tabarma. Auta ta tsaya ta harɗe hannu. Na juya gefe, na dafa ƙasa, na durƙusa, na kafa ƙafar dama. Nan gwiwa ta fara rawa. Na ji tsohon hali ya zo, na riƙe numfashi. Surukina ya miƙo hannu, Auta ta buge hannun. Ban ji ta ƙirga da baki ba, amma na ga leɓenta yana motsi. Na saki numfashi, na taso a kansa.

Na miƙe. Na gyara wuyan riga.

Auta ta dube ni daga sama har ƙasa. Sannan ta ce, "To Baba, ka ci gidanka." Kwalaye suka koma yadda suka zo. A bakin mota ta ce, "Ka ga yanzu ɗalibi ya wuce malama, sai in huta."

Na ce ƙwarai.

Lahadi, 17 ga Agusta

Bakwai ta yi, ta wuce. Na yi abina ni kaɗai, na ƙirga da kaina. Babu abin da ya ragu. Gidan dai ya yi girma yau, ban san dalili ba.

Litinin, 18 ga Agusta

Inci tara.

Bakwai da minti biyar na buga mata. Ba don komai ba. Na ce bishiyar nan har yanzu ba ta zauna mini ba, ƙafar hagu tana rawa, kuma in ina ƙirga da kaina lissafi yana kuɓuce mini. Ta ce, "Kai ne lissafi ke kuɓuce wa, Baba?" Na ce tsufa ne. Ta ce to, gobe bakwai, in jingina wayar da kyau.

Jiya daƙiƙa arba'in na yi a kan ƙafar hagun, ban dafa komai ba. Wannan ba sai ta sani ba.